Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Amfilifayar Da Ke Cikin But

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Amfilifaya,
Bayan Kujerar Baya, Daura Da Safayar Taya.

Da fatan jiki ya huce.

Wufa mai kwayil biyu lasifika ce ta bes wadda aka yi wa naɗin waya biyu a kan bututu guda. Kowane kwayil yana da baki biyu, ja da baƙi, shi ya sa ake ganin baki huɗu a jikinta. Kowanne kuma yana da turjiyarsa, wato gwargwadon yadda yake tare wa wuta hanya. Ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya wallafa dokarsa a 1827. Abin da ya sa ake maimaita wa Hajiya karatun da ta riga ta sani shi ne, daren jiya ana tsakiyar kai amarya ta kunna jar fitilarta ta yi gum, ta bar mota da hon kaɗai.

Hanya biyu ake haɗa kwayil. Ta farko a jere: a ɗauki baƙin wannan a kai jan wancan, sauran baki biyun su tafi wurin Hajiya. A nan tara turjiya ake yi, om 4 da om 4 su ba da om 8. Ta biyu kafaɗa da kafaɗa: ja da ja, baƙi da baƙi. A nan turjiyar rabuwa take yi biyu ta koma om 2, kamar an buɗe wa jama'a ƙofa biyu maimakon ɗaya. Wufa mai kwayil om 2 kuwa takan ba da om 4 a jere, om 1 kafaɗa da kafaɗa. Idan aka juya bakin kwayil ɗaya, biyun sai su riƙa ja-in-ja, sauti ya mutu, zafi kaɗai ya rage. Mita takan nuna ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta, wannan ba laifi ba ne.

Dokar ita ce, duk lokacin da turjiya ta ragu, wutar da ake ja daga amfilifaya ƙaruwa take yi, zafi ma haka. Saboda haka kowace amfilifaya tana da iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. Mai layi biyu da aka haɗe mata layukan wuri guda yawanci om 4 take buƙata, domin kowane layi rabin nauyin yake gani. Mai layi ɗaya, irin Hajiya, wasu na jure om 2, wasu har om 1.

A motar da ake magana a kanta akwai wufa biyu, kowacce da kwayil biyu na om 4. Mai wayarin ya haɗa duka huɗun kafaɗa da kafaɗa, lissafi ya ba da om 1. Ya kankare fenti ya ɗaure wayar at a ƙarfe tsura, ya sa fis kusa da batir, bai murɗe gen ba. Ya haɗa su a om 1 ne bisa dogaro da kwalin Hajiya, inda aka rubuta da ruwan zinare cewa tana jure om 1, kuma ƙarfinta wat 3000.

Wat 3000! Injin mota na aiki, wuta ba ta wuce bolt 14.4 da wani abin kirki ba. Kafin a sami wat 3000 daga nan sai an ja fiye da amfiya 200. A gefen wannan akwatin kuwa fis biyu ne, kowanne amfiya 25. A ninka 50 da 14.4, wat 720 ke nan, kafin ma a cire abin da ke tafiya a zafi. Sauran wat 2280 suna ina? A jikin kwali suka tsaya. Lambar da ke da amfani ita ce ta RMS, ƙarfin da ake iya riƙewa a kai a kai, ita ce kuma aka ɓoye a can shafin ƙarshe da rubutun da sai an sa tabarau. Akwatin da bai iya ɗaukar om 1 na tsawon waƙa biyu ba shi da hurumin sa lambar a goshi. Batun fitilun gaba da ke lumshewa duk bugun ganga, da kukan da ke bin totur, an yafe su.

Abin da ya rage a yi ƙalilan ne. A haɗa kwayil biyun kowace wufa a jere su zama om 8, sannan a haɗa wufofin kafaɗa da kafaɗa, a sami om 4. Zafi zai ragu, bes ma zai ragu sosai. Om 2 ba ya fita daga waɗannan wufofi biyu idan duka kwayil huɗun na aiki. Mai son sa sai ya cire wufa ɗaya, ko ya sayi biyu masu kwayil om 2, ko kuma, idan om 1 ɗin yake so, ya sauya amfilifayar da wadda fis ɗinta ya yi daidai da lambar da ke kwalinta.

Wassalam.