Gidan Rediyon Cigiyar Akuya

'Yan birni sukan yi wa rediyon al'umma dariya, wai ba abin da ya iya sai cigiyar akuya, sanarwar ɗaurin aure da gaishe-gaishen da ba sa ƙarewa. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai amfaninsa ke nan. Sashen Hausa na BBC yana kawo mana labaran duniya tun 1957, amma manomin da jakinsa ya ɓata ran kasuwa ba zai aika Landan a yi masa cigiya ba. Nijar ta gane haka da wuri: a 1999 aka buɗe rediyon Bankilare mai aiki da hasken rana, yau irinsa sun haura ɗari a ƙasar. A irin waɗannan tashoshi ne mai gurmi da makaɗin kalangu ke fara shiga kunnen jama'a, kafin 'yan birnin nan su ɗauke su, su ce su suka gano su.

Wasu za su ce WhatsApp ya gama da rediyo. To, WhatsApp sai da data, da caji, da hawa tudu neman sabis. Rediyo kuwa batir biyu ne, ya wadatar da zaure guda. Wasu kuma su ce mai gabatarwa yakan cinye rabin shiri yana gaida surukansa. Haka ne, amma tsakanin suruka da suruka ake saƙa ranar rigakafi da farashin gero, kuma kowa na saurare don kada sunansa ya wuce. Saboda haka a daina raina waɗannan tashoshi, a taimaka musu da man janareta.