Roka Ba Ta Jingina da Iska, Baba

Tun ranar da bakina ya suɓuce na ambaci tauraron ɗan Adam a teburin mai shayi a Tsiga, ban sake samun sakat ba. Wani dattijo ya ajiye kofi ya ce: "Kai ɗan boko, tsuntsu da iska yake tashi, jirgin sama ma haka. Ku da bakinku kun ce can sama babu iska. To rokar taku me take takawa? Ko aljanu ke tura ta?" Aka bushe da dariya. Yana wannan magana fa idonsa na kan talabijin, ana nuna ƙwallon Ingila ta dish.

Baba, Allah ya ja kwana, kai da masu karatu irinka kada ku ji kunya, kuna da manyan 'yan'uwa. A 1920 jaridar New York Times ta yi wa Robert Goddard, masanin roka na Amurka, ba'a da irin wannan hujja taku. Ba ta janye ba sai a Yulin 1969, lokacin Apollo 11 na kan hanyar wata. Shekara 49 ana taurin kai! Ku dai ina fatan kafin a yanke dawa kun sallama.

Na san ka taɓa harba bindigar toka a zamanin farauta. Ka ɗura albarushi, ka danna da kyau, ka ja kunama. Wa ya naushe ka a kafaɗa har ka kwana ana gasa maka da ruwan zafi? Abin da ya fita ta bakin bindiga da ƙarfi, shi ya hankaɗo ta baya, iska ba ta sa hannu ba. Isaac Newton ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1687. To roka bindiga ce da aka juya bakinta ƙasa, tana harbi ba ƙaƙƙautawa, naushin kuma shi ke ɗaga ta. Mai da iskar da za ta hura wutar duk suna cikin tankinta, da guzurinta take tafiya. Iskar waje kuwa kishiya ce gare ta, tare mata gaba take yi, sai ta wuce ta take sakewa.

Yanzu mu yi lissafi irin na 'yan kasuwar hatsi, tunda shi kuka fi yarda da shi. Rokar Saturn V da ta ɗauki mutanen Apollo nauyinta ya kai wajen tan 2,900, wato buhun masara 29,000, lodin tirela kusan ɗari. Ƙarfin injinta da kaɗan ya ɗara wannan nauyi, shi ya sa take tashi a hankali kamar tsohuwar roka ta Funtuwa da aka yi wa lodi har saman kai (ai ku ma kuna kiran babbar mota roka, ban san me ya sa kuke musun ƙanwarta ba). Sai dai tana cinye mai tan 13 a kowace daƙiƙa. Ka ɗauka direba ya take totur bai ɗaga ƙafa ba, yaran mota kuma suna watsar da buhu 130 duk ƙiftawar ido. Injin yana nan yadda yake, kaya na raguwa, gudu sai daɗa ƙaruwa yake yi. Cikin minti biyu da rabi mutanen ciki sun manne da kujera, kowa na jin nauyinsa ya ninka kusan sau huɗu. Tankin da ya ƙare kuma a yar da shi, ba a ɗaukar jarkar da babu komai.

Kuma ba sama take miƙewa sak ba. Tana kwantawa a hankali har ta kai gudun kilomita 28,000 a awa, ta shiga kewaya duniya. Haka aka kai tauraron ɗan Adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, da NigComSat-1R daga Sin a 2011.

Dattijon ya kurɓi shayi ya ce shi dai sai ya gani da idonsa. Nan take hadari ya taso, hoto ya tsaya cak ana shirin bugun fenariti, sai ga shi tsaye yana ihu: "Kai yaro, hau ka juya dish ɗin nan ya kalli tauraron!"