Lasisin Share Hawaye

Akwai wani aiki da Turawa suka raɗa wa suna, suka gina masa makarantu, suka kafa masa hukuma, mu kuwa har yau lalube muke yi wajen kiransa da Hausa. A rediyo sukan ce ma'aikacin jin daɗin jama'a. Wasu su ce jami'in walwala. A sakatariyar ƙaramar hukuma ba a wahalar da harshe, "ofishin walfiya" ake cewa, a nuna maka ƙofa. Wanda ya ji sunan farko zai zaci mutum ne da gwamnati ta ɗauka ya riƙa zagaya gidajen suna yana duba ko nama ya kai ga kowa. Amma shi ma'aikacin jin daɗi ba a kai masa goron gayyata sai inda daɗi ya ƙare. Jaririn da aka tsinta a bayan gari nasa ne. Haka matar da aka kora da goyo, da yaron da 'yan sanda suka kama bai kai shekarun kurkuku ba, da tsohon da aka kwantar a asibiti babu mai ɗauko masa ruwa.

To, wannan aiki yana da lasisi, kamar tuƙin mota. A Amurka kowace jiha daga cikin hamsin tana da hukumarta da sharuɗɗanta. A Kalifoniya, mai neman babban lasisin, wanda zai ba shi damar zama da mai damuwa su biyu yana yi masa magani da magana, sai ya yi digiri na biyu, ya yi awa 3,000 yana aiki ƙarƙashin idon wani gwani cikin mako 104 aƙalla, sannan ya ci jarrabawa. In ya kwashe kayansa ya koma wata jiha, tausayinsa zai bi shi a mota, lasisin kuwa a kan iyaka yake tsayawa, sai ya nemi na sabon wuri. A Ingila tun 2005 doka ta hana mutum ya laƙaba wa kansa sunan wannan aiki in ba ya cikin rajista.

Mu a Najeriya aikin ya shigo ofis ne ta Legas, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da yara marasa galihu suka cika titunan birnin. Wani Bature, Donald Faulkner, shi ya fara riƙe ofishin, kuma a 1943 aka yi dokar yara da matasa. Daga nan aka ɗauki shekaru fiye da saba'in ana aikin babu hukumar da ke tantance masu yinsa. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kafa ta, ya je teburin Shugaba Muhammadu Buhari, a farkon 2018 ya mayar da shi bai sa hannu ba. Dalilinsa shi ne ƙudurin ya hana wanda ba ɗan rajista ba yin aikin, alhali bai fayyace inda aikin ya fara da inda ya tsaya ba. Aka koma aka gyara, a ƙarshen 2022 ya sa hannu. Yanzu dai ƙasa tana da dokar da ta kafa majalisar da za ta faɗi irin karatun da ake bukata, ta riƙe rajista, ta kuma hukunta wanda ya ci amanar aikin.

Tambayar da Shugaban ya yi a 2018 ta daɗe tana cina, domin tambaya ce mai kyau. Ina aikin ya fara? Wanda ya raba faɗan miji da mata ya shiga ciki? Wanda ya ɗauki maraya ya haɗa da 'ya'yansa fa? Na rasa wanda zan kai wa ita, sai na kai wa kakata.

Kakata ta wajen uwa 'yar Tozai ce, cikin ƙaramar hukumar Isa, a gabashin jihar Sakkwato, ƙasar Gobir inda Najeriya da Nijar suke shan fura a ƙwarya ɗaya. A can ta yi aure, a can ta yi shekaru fiye da arba'in tana yankan cibi, tana wankan gawar mata, tana bikon masu yaji, tana bin gida gida da ƙwarya in wani ya kwanta ciwo da damina. Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, ta tattaro ta dawo cikin garin Isa, aka ba ta ɗaki ɗaya da rumfa a gidan dangi. Ranar da na je na ƙirga yara bakwai a ƙarƙashin rumfar. Biyu ne kawai jininta. Sauran ta same su ne a hanya da tasha da bakin masallaci, kowanne da labarin da ba a tambayarsa gaban mutane.

Na tarar tana dama kunu a tukunyar da ta fi ƙarfin hannunta. Da yake tsakanin jika da kaka babu shamaki, ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Tsohuwa, ina lasisinki?"

Ba ta ɗago kai ba. "Na mi, Maigida? Ni da ko jaki ban hawa?"

Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce wannan abin da take yi, na tara yaran da ba nata ba, da sasanta mutane, da raka mata asibiti, a wasu ƙasashe sai an yi masa karatu an ba mutum takarda.

"To wa ka ba da takardar?"

Na ce wata majalisa ce a Abuja.

Ta ɗan yi shiru, ludayi na juyawa. Sannan ta ce, "Ita majalisar, ɗiya nawa ta goya?"

Ban ba ta amsa ba, lissafi na koma yi. Awa 3,000 da Kalifoniya ke nema, in mutum yana aikin awa goma a yini, kwana 300 ke nan. Kakata tana fara nata kafin kiran assalatu, ba ta ajiye shi sai bayan lisha, in ba a buga mata ƙofa da tsakar dare ba. Ke nan ta cika sharaɗin awanni tun shekarar farko, kafin a haifi uwata ma. Wajen gwani mai sa ido kuwa, ta yi shekara goma sha ƙarƙashin uwar mijinta, wadda duk Tozai ta shaida ba ta taɓa ganin kuskure ta yi shiru ba. Saura digiri na biyu da jarrabawa. Nan ne takardunta suka tsaya, domin karatunta na allo ne, kuma ya tsaya a inda aure ya same shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina raina lasisi. Wallahi ina son sa, kuma na san abin da rashinsa ya jawo mana. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala. Iyaye ne da kansu suka kai su, da kuɗinsu, don a gyara musu tarbiyya. Bayan 'yan makonni aka buɗe irinsa a Daura. A 2019 ɗin dai aka gano yaran Kano tara da aka sace aka sayar a Anambara. Duk wanda zai cuci yaro da rigar taimako yake zuwa. A wurin da mutane suka watse, uwa ta gudu gabas uba ya yi yamma, wani ya faka mota ya ce shi daga wata ƙungiya yake, zai kai marayu makaranta, wace takarda za a tambaye shi? Wa zai duba sunansa a wane littafi? In ya ci amana, wa zai ƙwace masa aikin? Amfanin rajista ke nan. Kuma jihar Sakkwato ta yi dokar kare yara a 2021, doka kuwa ba ta da ƙafa, sai an samu mutanen da aka horar su kai ta inda yaran suke.

Kakata ma ta san iyakarta, ita ce ta nuna mini. Cikin yaran akwai wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, tana zaune a gindin bango ta juya wa ƙofa baya. An karɓo ta daga daji bayan watanni. Tana ci, tana wanke kwano, in an aike ta tana zuwa, amma magana ko ɗaya. In babur ya wuce da ƙara sai ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai kakata ta kwanta a ƙasa ta miƙa mata hannu. An yi mata rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Kakata ta rage murya ta ce da ni, "Wagga ta hi ƙarhina. Na san ciwon ciki, na san na haihuwa, wanga ban san inda zan taɓa ba." Ga mai awa dubu ɗari a bakin aiki tana neman mai awa 3,000. Akwai ilimin zama da irin wannan yarinya, da na neman dangin yaron da ya ɓata, da na rubuta bayaninsa a ɓoye shi yadda ba zai zama abin hira a kasuwa ba. Ana koyar da shi, kuma ba a gadonsa.

Matsalar ita ce mai wannan ilimi yana Sakkwato ko Kano ko Abuja, hanyar da za ta kawo shi kuwa kowa ya san halinta. Hanyar Gundumi ta daɗe da zama abin tsoro ga direbobi. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 har layukan waya aka rufe a yankin. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutanenmu sun tsallaka jihar Maraɗi, inda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wanda ya tsallaka yakan samu mai rubuta sunansa. Wanda ya tsaya gida ya rakuɓe a gidan dangi, sau da yawa babu littafin da ya san da shi sai ƙwaƙwalwar tsohuwa irin kakata.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne lasisi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wanzami ba ya sauka gari ya zare aska bai gai da Sarkin Aska ba. Malami yana ba almajirinsa ijaza, da jerin sunayen waɗanda aka karɓo karatun daga gare su. Kuma a kan wannan aiki namu takamaimai, an riga an yi gwajin a nan kusa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga ƙauyuka cike da matan da yaƙi ya ɗaiɗaita, ita kuma ba za ta iya zuwa kowane gida ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyukan, ta kira kowace jaji, ta koya musu, su kuma su koma su koyar, su duba marasa lafiya, su sasanta mata. Su ne 'yan taru. Ranar naɗi takan ɗora wa jaji malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Malfar nan kuwa daga Gobir ta samo asali, domin tana cikin kayan sarautar Inna, wadda matan Gobir ke jin maganarta tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808. Duk wanda ya hango malfa da jan ƙyalle ya san wannan mata an horar da ita, an yarda da ita, kuma akwai wadda za a kai ƙararta in ta karkace. Horo, shaida, da mai tsawatarwa: abin da Kalifoniya ke nema ke nan, sai dai na Asma'u ana hango shi daga nesa, kuma yana kare rana.

Don haka roƙona ga majalisar da ga gwamnatin jiha ba shi da tsawo. A riƙe babban lasisi da ƙarfi, kada a sassauta wa kowa. A ɗauki 'ya'yan Isa da Sabon Birni da suka gama sakandare a tura su wannan karatu, domin ɗan gari ba ya neman canjin wurin aiki ranar da ya iso. Sannan a yi ƙaramin mataki a ƙasa, na mata da mazan da suka riga suka ɗauki kayan, a koya musu alamomin haɗari da inda za su kai abin da ya fi ƙarfinsu, kamar yadda aka daɗe ana tara ungozomai ana koya musu, a rubuta sunayensu da na yaran da ke hannunsu.

Na yi ƙoƙarin faɗa wa kakata wannan duka, amma ita abu ɗaya ta tsinta a cikin bayanina, wato akwai wasu masu takarda da aikin ya zama nasu. Da na tashi tafiya ta biyo ni har bakin zaure, hannunta duk gasara.

"Maigida, in ka ga mutanen nan ka ce su zo da tabarmi, namu ba su isa. Su zo da sauran rana. Ka hwaɗa musu ƙaramin bai cin tuwo in da yaji, mai bi mishi yana hitsarin kwance, kada a yi mishi dariya. Ita ko waccan, kada wanda ya shigo mata da takalmi mai ƙara."

Na ce to, zan faɗa. Ta juya za ta koma, sai ta sake waiwayowa.

"Kuma in sunka zo, ni ba tahiya zan yi ba. Ina nan ina dama musu kunu."