Bakano da Bazazzagi a Gaban Rayquaza

A wasan Pokémon GO akwai yaƙin taron dangi, inda mutane har 20 ke haɗuwa kan dodo guda, kowa da mayaƙansa shida, a kayar da shi, in babba ne, cikin daƙiƙa 300. Bakano ne ya gayyato Bazazzagi da tikitin nesa su yaƙi Rayquaza, koren macijin nan na sararin sama. Lokaci ya ƙare, maciji bai faɗi ba. Sai waya ta yi ƙara a Zariya.

"Bawana, me na gani ka shigo da shi fage? Aggron?"

"Ka gaida ubangidanka tukuna, ɗan tireda. Eh, Aggron ne. Wasan da kansa ya zaɓa mini, ni kuwa ba na jayayya da na'ura."

"Ai nan aka gane ku. Gari cike da makarantu, amma waya ce ke yi muku tunani. Zaɓin da wasan ke yi na masu jure duka ne. Da ka ƙyale shi, har Blissey zai ɗora maka."

"To wa ya mutu? Nawa yana tsaye ƙyam har aka tashi. Naka kuwa sai zubewa suke ɗaya bayan ɗaya."

"Yana tsaye yana me? Gadi muka ɗauke shi? Agogo muke tsere da shi, malam. Ƙarfin dukan Aggron 198 ne, na Mamoswine ɗina 247. Naka tamkar ɗan damben da ya iya kare fuska, har a tashi bai kai hannu ba."

"Kada ka raina mini boko. Aggron na jifa da dutse, dutse kuwa na cin duk mai fiffike. Ninki 1.6 ne, na karanta."

"Ka karanta shafin farko ka rufe littafin. Rayquaza jinsi biyu ya haɗa, na dodo da na masu tashi, kuma ƙanƙara na cin kowannensu. Ka buga 1.6 sau 1.6, ka ga 2.56. Sannan Mamoswine ɗan gidan ƙanƙara ne, duk dukan da ya yi da Avalanche ana ƙara masa kashi 20 cikin 100. Lissafi ne, ku da Jami'ar Ahmadu Bello ke bayan gidanku."

"Dama wa zai ja da Bakano kan ƙanƙara? Ku da azumi na kamawa kuke ninka mata kuɗi. Amma tsaya, na leƙa mayaƙan naka. Biyu ne kawai ka ciyar, sauran huɗun ramammu. Ƙurar taurari ta cika maka asusu, ka ƙi kashewa. Ajiya kake sai ta yi tsada ka kai Kantin Kwari?"

"Ka san wahalar Mamoswine guda? Alewa 25 ka mai da Swinub Piloswine, wata 100 da dutsen Sinnoh kafin ya cika. Ba a kyauta ake tara dukiya ba, shi ya sa ba ku da ita."

"Kuma ka duba sama kafin ka kira ni? Iska ake yi a Kano ranar. Yanayin iska na ƙara wa dodanni da masu tashi ƙarfi, shi ya sa yake murƙushe naka. Mai ƙara wa ƙanƙara ƙarfi dusar ƙanƙara ce, sai ka zauna jiranta a Dala."

"Da iskar ai riba ce. Da mun kayar da shi, a mataki na 25 za mu kama shi maimakon 20."

"Ka ji Bakano, an sha kashi yana lissafin riba. To saurara in koya maka na gaba. In Groudon ya fito, kada ka kwaso masu lantarki, ƙasa shanye shi take. Ruwa za a kai masa, a sa Kyogre gaba. Sai dai in an ga yana harba Solar Beam, a koma kan masu ciyawa, don na ruwa ba sa kai labari. In Tyranitar ne, Machamp shida, an gama magana, shi ma rauninsa ninki biyu ne."

"Ashe akwai ilmin, amfani da shi ne babu. Duk wannan a kanka, ka zo mini da Aggron?"

"Ganinka na yi na raina yaƙin. Kuma ka gode mini, wasan ya rubuta mu aminai na ƙut-da-ƙut, kashi 10 cikin 100 ya ƙaru a dukanka saboda ni."

"Kuskuren na'ura ne, ba ta da gurbin bawa da ubangidansa."

"Ko ma mene ne, sulalla 195 na sayi tikitin nan, tun da suka ƙara kuɗinsa a 2023. Kai ka gayyace ni, kai za ka biya."

"A Kano kaya in ya bar shago ba ya dawowa. Ranar Laraba ƙarfe shida na yamma akwai wani. Ka bar maigadin nan naka a gida."