Wa Zai Ɗaure Jirgi a Ƙofar Gida a Filinge?

Jama'ar Kurfai, ku ajiye kofin shayi tukuna kada wani ya sarƙe, don maganar yau sai ta ba ku dariya. Zancen ƙaramin jirgin sama ne, mai kujera biyu ko huɗu, irin wanda mutum kan mallaka ya tuƙa da hannunsa don sha'awa kawai. Na san abin da za a ce daga Filinge har Tukunus: marubuci ya ƙoshi da fura, ya rasa abin faɗa. To, ku zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawo gardamarsa, mu ga wanda zai koma gida da hularsa a kai.

Ga Baba can ya riga kowa ɗaga sanda. Ya ce, "Yaro, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Gaskiyarka, Baba, kuma babu matuƙin da zai musa maka. Duk wanda ya tashi sai ya dawo ƙasa, abin da ake biyan kuɗin makaranta a koya shi ne yadda za a dawo da haƙora cikakku. Kai a zatonka in inji ya mutu a sama shi ke nan, sai salati. Ba haka abin yake ba. Ɗauki Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka ƙera fiye da 44,000, har babu wani jirgi a duniya da ya kai shi yawa. In injinsa ya ɗauke yana bisa da mita 1,000, fukafukansa za su iya ɗaukarsa kusan kilomita 9 yana gangarowa a hankali kafin taya ta taɓa ƙasa. Tun ɗalibi bai iya komai ba malaminsa ke rage masa wutar inji da gangan, ya ce, "To, zaɓi fili." A ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin kwarin Dallol Boso, fili ba zai yi wuya ba. Wuyar ita ce mai gonar da za a sauka cikin hatsinsa, don shi ba ruwansa da ilimin fukafuki, diyya zai nema.

Alhaji kuma bai yi dogon zance ba, carbi kawai yake ja yana murmushi. Tambayarsa ɗaya ce: "Nawa?" A nan kam, Alhaji, sai in sassauta murya. Sabon Cessna 172 ya haura sefa miliyan 200. Akwai na hannu, tsofaffi masu shekara 40 ko 50 da ke tashi lafiya lau, farashinsu bai kai rabin haka ba. Amma saye shi ne mai sauƙin. Kowace awa a sama yana shan mai kamar lita 30 zuwa 35, kuma ba man kwalba na bakin hanya ba. Nasa na musamman ne, shuɗi, sai an shigo da shi daga waje. Bayan awa 50 a canja baƙin mai. Kowace shekara makanike mai lasisi ya kwance shi ya duba ya sa hannu. In inji ya cika awa 2,000 a sauke shi a yi masa garambawul, ko da bai taɓa yin tari ba. Ga inshora, ga kuɗin rumfar da zai kwana, ga kuɗin sauka a filin jirgi. Ko bai motsa ba, aljihunka na motsi.

Na ga ka gyaɗa kai, wai ka ci gardama. Dakata, Alhaji. A ƙasar Kurfai ne za a koya wa mutum ajiye abin hawa don sha'awa? Wane ingarma ne ya taɓa yi maka huɗa? Ka ɗaure shi a turke, ka ba shi dawa da harawa alhali awaki na kallo, ka ɗauki yaron doki, ka sayi sirdi da linzami da jalala, duk don ranar salla ka ja zage mutane su ce wane ya fito. Babu wanda ya ce ka haukace, cewa aka yi kana da asali. Mai ƙaramin jirgi ɗan'uwanka ne a wannan cuta. Bambancin kawai, nasa dokin zai kai shi Yamai daga Filinge cikin ƙasa da awa guda, tafiyar da ke kilomita 180 a mota, kuma ba zai tsaya gaisawa da kowa a Balleyara ba, ko da ranar Lahadi ce kasuwa na ci.

Sai ga wani ƙanena daga bayan taro, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, kana zolayarmu ne? Mu da aka hana mu hawa babur, kai kana zancen jirgi?" Wannan kam ba abin dariya ba ne, ƙanena. A farkon 2020 hukuma ta hana yawo da babura a sassa da dama na jihar Tillaberi saboda ƴan bindiga, kuma kowa ya san yadda hakan ya taɓa mai kabu-kabu da mai kai mara lafiya asibiti. A yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, wanda ya tashi da jirgi ba izini ba zai ji daɗin tarbar da za a yi masa ba. Ko a lokacin zaman lafiya, sama ba dajin Allah ba ne da kowa zai shiga kiwo. Sai hukumar kula da jiragen sama ta ANAC ta yi wa jirgi rajista, a rubuta masa lamba mai farawa da 5U a jiki, yadda na Najeriya ke farawa da 5N. Sai ka sanar da inda za ka da lokacin da za ka isa, ka riƙa magana da masu kula da zirga-zirgar jirage ta rediyo. A watan Agusta na 2023 ma, bayan juyin mulki, rufe sararin samaniyar ƙasar aka yi kusan wata guda, manya da ƙanana kowa ya zauna a ƙasa. Saboda haka na ba ka wannan: yau ba ranar shawagi a kan Kurfai ba ce. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma fitina ba ta dawwama.

Inna ta leƙo daga zaure, ta ce, "Shi wannan abin, daka yake yi ko ɗiban ruwa?" Ko ɗaya, Inna. Amma ki tuna 2004, shekarar da farin dango suka rufe Sahel, suka bi gonakin arewacin Tillaberi da Tawa, shekara ta zagayo da yunwa. Abin da ya bi su da feshi ƙananan jirage ne, masu tashi dab da kan itatuwa, kuma irinsu ake tura wa tsuntsayen jan-baki in sun addabi hatsi. A Galmi, garin albasa, ƙananan jiragen mishan na SIM sun daɗe suna sauke likitoci da magani a gefen asibiti daga Yamai. Duk matuƙin da ke wannan aiki a ɗan ƙaramin jirgi ya fara, haka ma wanda ya kai ki Makka. Kuma kafin ki ce aikin maza ne, a watan Oktoba na 2015 Laftana Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiya a sojan saman Nijar, tana tuƙa Cessna Caravan mai farfela ɗaya. Ita ma wata ce ta goya ta.

Malam mai gardamar ƙarshe shi ne wanda ke cewa abin Nasara ne, mu ba namu ba ne. Malam, shayin da ke hannunka ma daga Sin ya zo, ban ga ka zubar ba. Jirgi ya shekara ɗari a ƙasar Hausa: ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, ta yaye matuƙa da makanikai ba adadi. A nan Yamai akwai EAMAC tun 1963, makarantar da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masanan yanayi da masu gyaran na'urori, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. A Kaduna an harhaɗa ƙananan jirage masu kujera biyu da ake kira Air Beetle, kusan 60, don horar da sojan sama. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur da injin Honda Civic, ya ɗaga sama kamar mita 2. Na ji kun fashe da dariya. Ku yi ta yi. Tashin farko na ƴan'uwan nan biyu, su Wright, a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903, daƙiƙa 12 ne, bai kai mita 40 ba, kuma sana'arsu gyaran keke.

Akwai kuma wanda ya fi masu shakka ba ni tsoro, wato direban tasha da ke cewa, "Kai, in dai da sitiyari a ba ni makulli." Sannu, maigida. Kafin a ba ka lasisin tuƙa jirgin kanka sai ka cika shekara 17, likita ya gwada idonka da kunnenka da zuciyarka, ka ci jarrabawar yanayi da taswira da dokokin sama, ka yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki kai kaɗai ba malami. Sannan kullum kafin ka tashi sai ka zagaya jirgin da ƙafa. Ka tsuguna ƙarƙashin fiffike, ka tsiyayo mai a ɗan kofi garai-garai, ka ɗaga shi ga hasken rana. In ka ga ɗigon ruwa ya kwanta a gindi, ka ci gaba da tsiyaya har ya ƙare. Ka shafa farfela da tafin hannu ko tsakuwa ta ɓalle mata baki. Ka leƙa ɗan bututun nan siriri da ke auna gudu, don zanzaro na son ya cusa masa laka ya yi ɗaki, in kuwa ya toshe za ka tashi allurar gudu na yi maka ƙarya. A filin karkara ka bi titin sauka kana tsince ƙayar aduwa, ka kori awaki. A nan ba a cewa "mu je, Allah ya kai mu, ma gyara a hanya". Sama babu gefen titi.

Yanayinmu ma ba ya wasa da mai girman kai. A watan Afrilu, in zafi ya haura 40, iska kan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, jirgin da ya ɗauki mutum huɗu da sanyin asuba ya ƙi tashi da su da azahar. Cikin hunturu hazo kan rufe ƙasa, alhali mai ƙaramin lasisi da ido yake tafiya, ana son ya hango aƙalla kilomita 5 a gabansa. Da damina kuwa hadari ke tasowa daga gabas da bangon jar ƙura a gaba, wanda ya gan shi bai juya ba ya ji hoho. Shi ya sa babban darasin matuƙi shi ne iya cewa "yau ba zan tashi ba", ko da surukinsa ne ya zo a zaga da shi.

To ina mafita ga wanda abin ya shiga ransa amma aljihunsa bai kai na Alhaji ba? A Faransa akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tuƙi kusan 600, mambobinsu wajen 40,000, kuma yawancinsu ba su mallaki ko taya ba. Ƙungiya ke da jirgin, mamba ya biya kuɗin shekara da na awar da ya tashi, malaman tuƙi da yawa aikin sa kai suke yi. Malamin makaranta da ma'aikacin gidan waya duk suna tashi ranar hutu. Akwai kuma jirage marasa nauyi masu kujera biyu, waɗanda injinsu ke shan man mota kamar rabin abin da Cessna ke sha. Sojan saman Nijar ma sun yi aiki da irinsu, masu suna Tétras. Wannan ita ce hanyar da ta dace da mu ranar da ƙura ta lafa: karo-karo, jirgi ɗaya, makanike ɗaya, littafin lissafi a buɗe.

Ga hukuncina, kuma na raba muku gardamar biyu. Masu cewa kada ɗan Kurfai ya sayar da garken shanun Azawak ya sayo jirgi bana, kun yi gaskiya, ni ma zan riƙe masa riga. Masu cewa ɗan Kurfai ba zai taɓa tuƙa shi ba, ku kam kun faɗi, don abin da ya raba yaron Filinge da kujerar matuƙi lissafi ne da kimiyya da Faransanci da Ingilishi da lafiyar ido, sai kuɗin makaranta da zaman lafiya. Saboda haka, Baba da Inna da Alhaji, in yaro ko yarinya suka ji ƙugin jirgi suka ɗaga kai, kada ku ce su sunkuya su ci gaba da shara. Ku tambaye su nawa suka ci a lissafi, ku saya musu littafi, ku bar su a makaranta.