Ƙofar Tarago a Matsayin Ma'aunin Hali: Nau'o'in Fasinjojin Layi na Ɗaya a Alƙahira

Layi na ɗaya na jirgin cikin gari na Alƙahira, wanda Misirawa ke kira metro, shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka, an kuwa buɗe zangonsa na farko a watan Satumba na 1987 da taimakon kamfanonin Faransa, daga baya aka miƙa shi har ya kai kilomita 44 da tashoshi 35, daga Helwan a kudu zuwa Sabuwar Marg a arewa maso gabas. Ko da yake ana yi masa laƙabi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, tashoshi biyar ne kacal na tsakiyar birni suke cikin rami, sauran hanyar a sarari take, inda rana ke dukan rufin taragai yadda ta ga dama. Mai nazarin halayen jama'ar da wannan layi ke kwasa ba ya bukatar tambayar sana'arsu ko unguwarsu, domin abin da ke rarrabe su shi ne zaman da ke tsakanin kowannensu da ƙofar tarago, wadda ke buɗewa na 'yan daƙiƙu, ta yi ƙara, ta rufe, ba ruwanta da girman kowa.

Mafi daɗewa a cikin nau'o'in nan shi ne wanda ya dace a kira sarkin ƙofa, wato mutumin da ke shiga tun daga Helwan, lokacin da kujeru ke nan fayau, amma ya zaɓi bakin ƙofa ya kafe kamar an dasa shi, alhali sai a ƙarshen layi zai sauka. Hujjarsa ba ta rasa tushe, domin a tsofaffin taragai, waɗanda fankokinsu ke juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan, bakin ƙofa ne wurin da sabuwar iska ke leƙowa a kowace tasha. Saboda shi ne kalmar nazil ta zama kalmar da aka fi furtawa a layin. A lugga ma'anarta mai sauka, a siga tambaya ce, wato ko za ka sauka a tasha ta gaba, amma a aikace umarni ne da a kauce. Sarkin ƙofa ya san wannan sarai, shi ya sa amsarsa ba ta wuce karkatar da kafaɗa gwargwadon taƙi guda, abin da a ganinsa ya isa mutum ya wuce da kwandonsa da 'ya'yansa biyu, ya kuma cancanci godiya.

Abokin hamayyarsa shi ne ɗan kutse, wanda ya yi imanin cewa shiga tana gaba da fita ko da taragon ya cika maƙil. Fadarsa ita ce tashar Shuhada, a ƙarƙashin dandalin Ramsis, inda layi na ɗaya ke haɗuwa da na biyu, inda kuma matafiyan da suka sauko daga manyan jiragen Iskandariyya da Aswan ke gangarowa da akwatunansu. Wannan tasha ta amsa sunan shugaba Mubarak har zuwa juyin juya halin 2011, sa'annan aka sauya mata suna don tunawa da waɗanda suka rasu, sai dai sauyin bai taɓa salon turereniyar da ake yi a cikinta ba. Makamin ɗan kutse gwiwar hannu ce da kalmar ma'alesh, wadda ta tattara ma'anonin yi haƙuri, ba komai, da kuma haka Allah ya ƙaddara, yana kuwa furta ta ne tun kafin ya taka ƙafar mutum, ta yadda laifin kan iske an riga an biya diyyarsa. Yana da ƙane, mai tokare ƙofa da kafaɗa domin abokinsa da ke can saman matakala yana neman canji, taragai tara kuma su tsaya jiran wannan zumunci.

Akwai kuma wanda ƙofa ke buɗewa a gabansa ya dube ta ya kau da kai, kuma wannan nau'i sabo ne, domin bai bayyana ba sai bayan da aka kawo jirage masu na'urar sanyaya iska daga kamfanin Hyundai Rotem na Koriya ta Kudu, suka riƙa aiki tare da tsofaffin. Irin wannan jirgi ana kiransa mukayyaf, wato mai sanyi, mai jiransa kuwa yana gane shi tun daga nesa kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a cikin garke. Yakan bar tsofaffin jirage biyu ko uku su wuce, yana tsaye a dandamali gumi na tsiyaya daga haɓarsa, da fuskar mutumin da ya fi jama'a dabara. Abin da lissafinsa ke mantawa shi ne cewa masu irin dabararsa sun cika kowace tasha tun daga Ma'adi, saboda haka idan mukayyaf ya iso, yakan iso ne ɗauke da dukansu, zafin jikinsu ya riga ya rinjayi na'urar, ya zama an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Ɗan talla shi ne kaɗai wanda ya mai da ƙofar tarago ƙofar shago. Doka ba ta yarda da sana'arsa ba, don haka idonsa ɗaya na kan masu saye, ɗayan na kan dandamali. Fasaharsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ya auna jawabinsa daidai da tazarar da ke tsakanin tasha da tasha, kuma ba ya tambayar ko ana so: yana bin zaunannu ne yana ajiye wa kowa haja a cinya, alƙalami ne ko safa ko cingam ko abin sauraren waya, ya kai ƙarshen tarago, ya juyo yana karɓar kaya ko kuɗi. Wannan tsari ya haifar da wani ƙaramin nau'i, mai barcin ƙarya, wanda ke rufe ido da zarar ya hango shi, sai a ga dattijo mai kwat da taye zaune ƙiƙam, ƙunshin cingam a gwiwarsa, yana gudun motsi kamar wanda aka ba amanar ƙwai.

An keɓe wa mata taragai a tsakiyar kowane jirgi, da alama a dandamali mai nuna inda suke tsayawa, namijin da aka kama a ciki kuma tara ce a kansa. Duk da haka ba a rasa mai sauri da ke gangarowa a guje, ya faɗa ƙofar da ta fi kusa, ya yi ajiyar zuciya, sa'annan shirun da ya sauka ya sanar da shi inda yake. Minti biyun da ke tsakaninsa da tasha ta gaba yakan kashe su yana nazarin taswirar layi da ke saman ƙofa da himmar da bai taɓa ba wa wani karatu ba.

Nau'in da ya fi cancantar tausayi shi ne sabon ɗalibin Azhar daga Afirka ta Yamma, Bahaushe ne ko Babarbare, wanda ya iso da Larabcin littafi, wato fusha, alhali garin yana magana da ammiyya, karin harshen titi mai mai da jimun zuwa ga, mai haɗiye ƙafun. Idan zai sauka yakan fara da sallama, ya nemi izini da cikakkiyar jimla, kowane wasali na i'irabi a mazauninsa, jama'a na sauraro cikin sha'awa, wasu na cewa Allah ya buɗa maka ya shehi, sai dai kafin ya kai ga aikatau ƙofa ta rufe, jirgi ya ɗauke shi daga Gamra zuwa Dimirdash. Wannan nau'i ba ya daɗewa, domin bayan shekara guda za a same shi yana cewa nazil da gwiwar hannu a gaba, yana kuma duban sababbin zuwa da murmushin tsohon hannu.

Can cikin tarago, nesa da wannan dambarwa, akwai mai barcin gaske da ke farkawa daidai tasharsa ba tare da an tashe shi ba, da mai karatun Alƙur'ani a ƙaramin mus'hafi, waɗanda yawansu ke ninkuwa a watan azumi, da samari biyu masu jayayya kan wanda zai ba wa tsoho kujera, kowa na cewa zauna nan ya hajji, har wani na uku ya zame ya zauna. A nan ne kuma ake samun masanin tarihin tikiti, wanda ke auna shekaru da farashi: zamanin fam ɗaya da ya ɗore daga 2006 zuwa 2017, shekarar fam biyu, sai 2018 da aka fara biya gwargwadon yawan tashoshi, abin da yake ambata da muryar mai ba da labarin fari.

Ƙofa ta ƙarshe ba ta tarago ba ce, ta ƙarfen fita ce, wadda ba ta juyawa sai an ciyar da ita tikitin da aka shigo da shi, kuma a gabanta ne mai ɓatan tikiti ke bayyana. Yakan tsaya a tsakiyar mashiga ya laluba aljihun riga, ya koma na wando, ya zazzage jaka, ya fito da tikitocin makon jiya guda huɗu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, layi na tsawo a bayansa har matakala, yana rantsuwa ga ma'aikacin tasha cewa ya saya, ya basha, wato ranka ya daɗe, wallahi ya saya. Rantsuwar ba ta fita sosai, domin ɗan tikitin ruwan ɗorawa yana maƙale a tsakanin leɓɓansa, inda ya ajiye shi tun daga tashar Sayyida Zainab don kada ya ɓata.