Wa Ke Kwantar da Wa?

A cikin dukan umarnin da ake bayarwa a gidan Bahaushe, babu wanda ake yawan maimaitawa kuma ake yawan yi wa kunnen ƙashi kamar "ku je ku kwanta". Ana faɗinsa da lallashi bayan sallar isha'i, a faɗe shi da tsawa da ƙarfe tara, in goma ta yi kuma a koma roƙo, har ana haɗa yaro da girman Allah. Mu iyaye mun daɗe da yanke hukunci cewa laifin na 'ya'yan zamani ne, wai idonsu ya bushe. Ni kam ina da ja a kan wannan hukunci. Wanda ake tuhuma bai kai shekara biyar ba, ba shi da lauya, kuma alƙalan da ke zaman shari'ar su ne suka aikata laifin. Yaro ba agogo yake bi ba, gida yake bi, kuma babu mahaluƙin da ya isa ya sa ɗan shekara uku barci a gidan da kowa idonsa biyu.

Mu fara da yadda abin ke gudana, don kada a ce sharri nake yi mana. An ci tuwo, an wanke hannu, an ɗora yaro a fo, an shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado saboda tsautsayi. An saki gidan sauro, uwa ta bi kusurwa huɗu tana cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, ta haska tocila ta tafe sauron da ya riga kowa shiga. Ba ta gama cusa kusurwa ta huɗu ba sai a ji murya: "Umma, ruwa." A zare gidan sauro, a kawo ruwa, ya tsoma leɓe kawai ya miƙo kofin. A sake cusawa. "Umma, fitsari." Wannan kuwa ba a gardama da shi, domin duk wadda ta taɓa shanya katifa a rana maƙwabta na kallo ta san abin da gardamar ke jawowa. Daga nan sai ƙaiƙayin baya, wanda ba ya zama wuri ɗaya, sama kaɗan, a'a ƙasa, a'a inda kika fara. Sai kuma manyan tambayoyin da malamin falaki ma sai ya yi gyaran murya kafin ya amsa: ina rana take kwana, kuma wa ke lulluɓe ta? In uwa ta gaji sai ta miƙa wa maigida, shi kuma ya gyara hula ya shiga yana cewa, "Ke dai ba ki san kan abin ba ne, ai dabara ake yi." Ba a jima ba labule zai motsa, yaro ya fito a kan ƙafafunsa, ya ɗora yatsa a baki ya ce, "Umma, yi a hankali, Abba ya yi barci."

To mu shiga gidan sauron nan mu kwanta a inda yaron yake, mu kasa kunne. Daga falo ana jiyo sautin Arewa24, ana tsakiyar rikici a wani shiri mai dogon zango. Rediyon maigida na ba da labaran duniya. Yayyensa na dariya, cokali na bugun kofi, Goggo na waya da 'yar uwarta a Maraɗi da muryar da ko ba waya za ta isa can. An ce masa dare ya yi, amma duk shaidar da ke shiga kunnensa cewa take yi yanzu aka fara biki, kuma shi kaɗai aka kora. Ruwa da fitsari da ƙaiƙayi duk hanyoyi ne na komawa wajen bikin. Wannan ba taurin kai ba ne, lafiyayyen hankali ne, kuma babban da aka yi wa haka zai yi abin da ya fi wannan muni.

Kakanninmu ba su fi mu iya tarbiyya ba, duhu ne ya yi musu rabin aikin. A ƙasar Hausa rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara. Aci-balbal da fitilar ƙwai ba sa ba da hasken da za a yi wani aikin kirki, mai kuma tsada ne da shi, saboda haka bayan tuwo da isha'i da 'yar hira sai gida ya mutu gaba ɗaya. Hujjata ma tana nan a inda tsarin ke karyewa: daren farin wata, da haske ya samu, yara da 'yan mata dandali suke cika, ba mai maganar kwanciya. Yau kuma farin watanmu a hannun masu wutar lantarki yake, su kuma sun fi son su kawo ta ƙarfe goma na dare. Yaron da aka sha wuya aka kai shi bakin barci zai ji unguwa ta ɗauki ihun "Nepa!", sunan da hukumar ta rabu da shi tun 2005 amma jariran bana ma suka gaje shi. Nan take duk ƙwayayen gidan su kama, fanka ta tashi, a jona dutsen guga, a jona caji, a kunna injin jan ruwa, talabijin ya ci gaba daga inda ya tsaya da ƙarar da aka bar shi da ita. A 2018 masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Amurka sun zaunar da yara 10 'yan shekara 3 zuwa 5 cikin haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin lokacin kwanciyarsu. Sinadarin melatonin, wanda jiki ke fitarwa in duhu ya yi don ya kira barci, ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100, kuma minti 50 bayan an kashe hasken bai koma daidai ba. Ke nan mu ne ke sanar da jikin yaro cewa gari ya waye, sannan mu ɗauko bulala don ya yarda.

Wani zai ce duk wannan kame-kame ne, a sa doka kawai irin ta Turawa: ƙarfe bakwai yaro na ɗakinsa, an ja ƙofa, in ya yi kuka ya gaji ya yi shiru. Akwai ma littafi a kan haka, wanda likitan yara Richard Ferber na Boston ya fitar a 1985, inda ake barin yaro ya yi kuka ana leƙa shi lokaci-lokaci, ana ƙara tazarar leƙen. Ban ce tsarin ba ya aiki a inda aka yi shi ba. Amma yana buƙatar abu uku da ba kowa ke da su ba: ɗakin da ya rage, maƙwabtan da ba sa ji, da gidan da babu kaka. A gidan haya mai ciki da falo, kukan minti biyar ya isa a ƙwanƙwasa ƙofa a ce, "Maman Khalifa, lafiya dai ko?" In kuwa Hajiya na gidan, ba za a kai minti biyu ba za ta ɗaga labule tana cewa, "Wa ya taɓa mini maigida? Zo nan, rabu da su," ta saɓa shi a baya ta ɗaure da majanyi, ƙa'idar Boston ta watse a nan. Ga kuma zafi. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda ma'aunin zafi ke haura 40, ɗakin kwano da ƙarfe bakwai na yamma tanda ce, sai dai ba masa ake toyawa a ciki ba. Shi ya sa ake fitar da tabarma tsakar gida, inda duk hirar duniya take. Ƙarfe bakwai ɗin ma ba wahayi ba ne. Jodi Mindell da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2010 a kan ƙananan yara sama da 29,000 a ƙasashe da yankuna 17, suka iske a New Zealand ana kwantar da su da misalin 7:27, a Hong Kong kuwa sai 10:17. Kowane yaro agogon gidansu ya bi.

Sai dai akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma ba ni da niyyar zille mata. Binciken na Mindell ya nuna yaran da ake kwantarwa a makare barcinsu ya fi ƙaranci in aka haɗa jimla. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ƙiyasi a 2016: ɗan shekara 1 zuwa 2 na buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13, har da barcin rana a lissafin, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Gidanmu da asuba yake tashi, ƙarfe shida ana wanka, bakwai da rabi ana kan hanyar makaranta, da yamma ga Islamiyya ta cinye ƙailula. Yaron da ya kwanta sha ɗaya ya tashi shida awa 7 ya samu. Shi ne wanda za ka gani yana gyangyaɗi a tsakanin babansa da tankin babur, jaka a wuya. Na karɓi wannan lissafi ɗari bisa ɗari, amma a duba wanda ya kama. In yaro gida yake bi, kuma yana buƙatar awa 10, to gidan ne ya kamata ya yi shiru wajen ƙarfe takwas. Hukuncin ya dawo kanmu. Abin dariyar ma, ba sai mun je Amurka neman fatawa ba, domin ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Mun haddace rabin farko muna karanta wa matasa, rabi na biyu kuwa kowa ya yi kamar bai ji ba.

Da yake ba ma son kashe talabijin, sai muka tara makamai. Na farko Dodo. Ka gaya wa yaro akwai wani ƙato mai gashi a bayan ƙofa da ke cinye marasa barci, sannan ka kashe fitila ka ce ya rufe ido ya saki jiki. Ko soja ba zai yi barci a wannan hali ba. Na biyu waya, wadda ke sa shi shiru da gaske, amma shirun mai ido a buɗe, haske na dukan fuskarsa, ranar da caji ya ƙare kuma a ji kukan da ba a taɓa ji ba. Na uku shi ne wanda ba na wasa da shi: ɗura wa lafiyayyen yaro maganin mura mai sa barci. Ba don haka aka yi shi ba, yana da haɗari ga ƙananan yara, kuma wasu yaran a maimakon su kwanta sai ya birkita su, su kwana suna tsalle. Tatsuniya fa, in ji masu kewar zamanin da? Ina son tatsuniya, amma a daina ɗora mata aikin da ba nata ba. Wanda ya karanta littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fitar a 1937, ya san aku labarai yake jero wa Musa ɗan Sarki Abdurrahman dare bayan dare don ya riƙe shi a fada har gari ya waye. Labari mai daɗi hana barci yake yi. Gizo na tsakiyar yaudarar kura wa zai rufe ido? Ana cewa ƙurunƙus za a ce a ƙara ɗaya. Abin da ke sa barci a tatsuniyar kaka ba Gizo ba ne. Duhu ne, da muryar da ke ƙara yin ƙasa, da labarin da yaro ya ji sau talatin har ya san ba abin da zai faru, da kuma sanin cewa bayan ƙurunƙus babu sauran wani abu a gidan sai munshari.

Wannan na ƙarshe shi ne gishirin maganar. Mindell ta sake wani bincike a 2015 a kan iyaye mata sama da 10,000 a ƙasashe 14, ta ga cewa gwargwadon yadda ake maimaita abubuwa iri ɗaya a jere kowane dare kafin kwanciya, gwargwadon yadda yaro ke saurin barci da ƙarancin farkawa. Jerin nan kuwa muna da shi tun kafin a haifi masu binciken: tuwo, wanka, isha'i, fitsari, a karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, a saki gidan sauro. Abin da muka cire daga ciki shi ne matakin ƙarshe, wato manya su ma su yi shiru. Na san uwa za ta ce guga da markaɗe da cika firji ba sa jiran ra'ayin marubuci, in wuta ta zo sha ɗaya dole a tashi. Gaskiyarta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma guga ba ta buƙatar ƙwan ɗakin yara, kuma makunnin talabijin ana iya kashe shi tun kafin a kwanta don kada ya farka da kansa.

Saura mutum ɗaya da har yanzu bai bayyana gaban shari'a ba, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya a kan rashin barcin yara. Wannan bawan Allah in ya idar da isha'i majalisa yake wucewa, ko teburin mai shayi, a warware siyasar Najeriya da ta Nijar a kuma tsara wa Arsenal 'yan wasa. Ƙarfe goma da rabi, bayan uwa ta yi nasara da kyar, sai a ji ƙarar babur a zaure, a ji sallama da cikakkiyar murya, sannan a ji ƙarar takarda. Tsire ne, da zafinsa, da ƙuli da albasa. Babu binciken da ake buƙata a kan abin da ƙamshin tsire ke yi wa yaro mai barci. Ɗaya bayan ɗaya za su fito daga gidan sauron da aka cusa sau huɗu, su jeru, ya bi su da yanka ɗai-ɗai yana jin daɗin kansa. Yaji zai kira ruwa, ruwa zai kira fitsari. Shi kuwa sai ya suɗe yatsu, ya dubi agogo, ya dubi uwargida da mamaki na gaskiya ya ce, "Wai ke, me ya sa yaran nan ba sa barci da wuri ne?"